Buzuzun Altine

Gonar da aka karɓe wa Altine, ranar da aka ba mijinta aronta, ba gona ba ce. Fako ne, jar ƙasa mai tauri wadda ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Duk wanda ya ce ba haka ba ne ya fito ya faɗa a gaban mutane, dattawan Angwal Kirya ba su mutu duka ba.

Uban mai gari na yanzu ne ya nuna wa Rashidu wurin da bakin sanda, can kan tudu ta hanyar Gesheme, ya ce in ya iya ya noma. Rashidu ya yi damina shida yana karya hauya, ya mutu ya bar Altine da ɗiya guda da fakon. Ita kuwa ɗiyar makiyaya ce, a bayan shanu ta girma kafin aure ya kawo ta cikin manoma. Sai ta aika wa taubashinta Gambo cewa ya riƙa sauke garkensa a tudun, tun daga girbi har ruwan farko. Shanu su ci kara, su bar kashi. Abin da ya rage kuma ba aikin mutum ba ne, aikin buzuzu ne.

Ruwan farko na sauka, ƙasa na yin sanyi, sai su taho. Za ka ji ƙugin fiffikensu tun kafin ka gan su. Kashin da saniya ta yi da hantsi, kafin azahar ya shige ƙasa, ba abin da ya rage sai turɓaya mai laushi da ramuka kamar an soka yatsa. Ta waɗannan ramukan ruwa yake bi ya sauka, maimakon ya gudu ya bar tudu. Shekara ashirin da wani abu ana haka, fako ya koma baƙar ƙasa, har mai wucewa yakan tsaya ya dubi hatsin Altine.

Mutanen gari buzuzu ɗaya suka sani. Altine ta san fiye da goma. Akwai babba mai dunƙule kashi ya tura da ƙafar baya, kansa a ƙasa, matarsa na manne a jikin dunƙulen ana tura ta kyauta. Akwai mai tono, wanda ba ya wahalar da kansa da turi, ƙarƙashin kashin yake haƙa rami ya ja abinsa ciki. Akwai kore mai ƙyalli, rago, mai zama cikin kashin ya ci ya kwanta. Akwai kuma wani ƙarami, bai fi ƙwayar gujiya ba, baƙi mai ɗan ja a wuya kamar tagulla, namijinsa da ƙaho biyu masu lanƙwasa ciki irin na bijimin Gambo. Wannan ba ya zuwa sai da sanyin safiya, kuma sai ga kashin da ke tururi. Ta sa masa suna ɗan sammako.

"Sarauniyar kashi, yaya talakawanki?" in ji Gambo duk lokacin da ya tarar da ita tsugune.

"Sun hi ka aiki, malalaci. Kai mi kake yi in ba jingina da sanda ba?"

Wata damina sai ga farar mota ta tsaya ƙofar gidan mai gari Abdussalamu. Mace ta fito da wando da malafa, ta gaida mutane da Hausar Arewa tsantsa, irin ta ƙasar Dogon Dutsi, ta ce sunanta Pascaline, daga babbar makaranta ta Yamai take, kuma tana neman inda kashin shanu ya fi yawa. Majalisa ta kwashe da dariya. Don a ƙara dariyar ne aka nuna mata hanyar tudu.

Altine ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ɗiyar wa ta?"

"Ɗiyar Pierre ta, Inna, mai aikin katako bayan majami'ar Dogon Dutsi."

"Shekara nawa kinka yi lakwal, wurin karatun boko?"

"Ashirin da biyu."

"Ashirin da biyu! Kuma ga kashin shanu abin ya ƙare? Ni ban shiga ko kwana guda ba, ga mu mun gamu wuri ɗaya."

Pascaline ta yi dariya har malafarta ta faɗi. Tun daga nan yarinyar ta kwanta wa Altine a rai.

Aikinta shi ne ta binne ƙananan robobi daidai da bakin ƙasa, ta zuba musu ruwan sabulu, ta rataya ƙullin kashi a sama, washegari ta tsince abin da ya faɗa. Kowanne ta soke shi da siririyar allura, ta kafe a akwati mai murfin gilashi, ta maƙala 'yar takarda a ƙarƙashinsa da sunan wuri da kwanan wata. Masu kama da juna ta jera su layi ɗaya. Ran kwana na huɗu Altine ta leƙa akwatin, ta nuna da farce.

"Wanga da wanga kin raba musu gida. Ai mata da miji na. Shi yana da ƙaho, ita babu."

Pascaline ta ɗauko madubinta na ƙara girma, ta duba, ta sake dubawa, ta cire allurar ta mayar da matar kusa da mijinta.

"Kuma ban ga ɗan sammako ba," in ji Altine.

"Wanne na shi?"

"Wanda ba ya cin kwantai. Kina rataya mishi kashin jiya kina jiran shi zo? Taho gobe da sahe, ki bar robobinki."

Da safe ta kai ta bayan wata farar saniya, suka tsuguna. Ba a jima ba ya sauka. Altine ta cafe shi ta ɗora mata a tafin hannu. Pascaline ta daɗe tana dubansa, dariya ta ɗauke daga fuskarta.

"Inna, ban taɓa ganin wanga ba. Cikin littahi ma ban gan shi ba."

"Littahin naku bai taɓa zuwa tudu da sahe ba."

Damina biyu Pascaline tana zuwa. A ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar gona ta nuna wa Altine yadda masu aikinsu suke rarrabe ƙwaro da ƙwaro. Ana duba goshi, ko mai faɗi ne kamar bakin hauya ko mai tsini. Ana ƙidaya haƙoran da ke ƙafar gaba, da layukan da ke bayan fiffike. Ana auna ƙaho. Ta ce har abin namijin ana cirewa a duba, don a nan ne iri biyu masu kama suke rabuwa.

"Har can kuke kaiwa?" in ji Altine. "Allah shi shirye ku."

Daga nan motar ta daina zuwa. Sai a shekara ta uku ta dawo, Pascaline ta sauko da wata babbar takarda a naɗe, fuskarta kamar mai kawo goron biki.

"Inna, an tabbatar. An gwada shi da na ƙasashe duka, babu irinshi. Sabo na."

"Sabo? Kakata ta san shi."

"Sabo ga littahi. Kuma al'adar masu wanga aiki, wanda ya fara bayyana ƙwaro shi ke raɗa mishi suna. Wasu su sa na malaminsu, wasu na garinsu. Ni naki na sa."

Ta warware takardar. Ga ɗan sammako an hura shi ya kai girman ɗan akuya, ƙahonsa kamar na shaiɗan. A gefe ga hoton Altine da ƙwarya a hannu. A ƙasa kalma biyu, ta farko ta danginsa, ta biyu tata, an ja mata wutsiya irin ta boko: altineae.

"An yanka mishi rago?" in ji Gambo. "Ni ba a kawo mini naman suna ba. Ɗanmu guda ke nan, kuma ya biyo uwar da hanci."

Gaskiya a faɗe ta, Altine ba ta ce a'a ba. Ba a tambaye ta ba, gaya mata aka yi bayan an gama, amma ranar ta ji daɗi. Macen da ba a taɓa rubuta sunanta ko'ina ba sai a katin zaɓe, ga shi an ce har Turai ana karanta shi. Pascaline ta ba ta wani ɗan akwati da ɗan sammako guda a soke a ciki, ta ajiye a cikin kwallarta ta aure. Babbar takardar kuwa aka manna ta a bangon meri, ofishin hukuma inda kowa ke zuwa yankar takardar haihuwa. Samari suka ɗauke ta a waya, ta zagaye ƙauyuka. Ranar kasuwa ana nuna Altine ana cewa ga uwar buzuzu nan. A lokacin, abin dariya ne.

Damina ta gaba ruwa ya yi gardama. Ya sauka sau biyu, aka yi shuka, ya ɗauke kwana ashirin da biyar. Shukar mutane ta ƙone, suka sake. Ta Altine ba ta ƙone ba, don ƙasarta ta sha ta riƙe. Saboda haka lokacin da hatsin gari ya fara bununi, nata ya riga ya yi ido ya yi tauri.

A daidai bununin nan wani ƙwaro ya zo. Ƙarami ne, ruwan ƙasa, mai taushin baya, da rana yana ɓuya cikin turɓaya a gindin kara. Mutum zai bar gonarsa da zangarniya fari fat da fure, ya dawo da safe ya tarar da ita a aske, tsirara kamar sandar makaho. Kwana tara ana haka. An yi hayaƙi, an kaɗa gwangwani, an aika a kawo magani, maganin ya iso bayan an gama. Gari ya tashi babu abin sa wa a rumbu. A kan tudu kuwa hatsin Altine na tsaye, kawunansa sun sunkuya don nauyi. Ƙwaron ya taɓa gefe, ya ji tauri, ya wuce.

Mu'awiya, ɗan ƙanen mai gari, shi ne mai gonar da ke iyaka da tata. Mata biyu gare shi da 'ya'ya tara, kuma bai tsira da dami ko guda ba. Ya tarar da ita a gindin gawo, ya watsa mata ƙwari cike da hannu a kan zane.

"Ga ɗiyanki nan, tsohuwa. Sun ƙoshi. Ki kai su gida."

"Buɗe idonka, Mu'awiya. Wanga ba buzuzu ba na. Dubi bayanshi, dubi ƙahwarshi."

"Ƙwaro ƙwaro na. Gwamnati da kanta ta manna hotonki da shi. Ko ni na rubuta?"

A ƙasar Arewa ba a wasa da irin wannan magana. Kowa ya taso yana jin akwai masu ajiye abu a gida, suna ba shi abin da yake so, shi kuma yana jawo musu albarkar gonar maƙwabci. Kuma kowa ya san abu ba ya ɗaukar sunan mutum sai in nasa ne. Cikin kwana uku aka tuna cewa kakar Altine ta wajen uwa daga gefen Lugu, garin masu tsafi, ta fito. Aka tuna tana magana ita kaɗai a gona. Aka tuna ƙwaryar da ke hoton. Matan da ta yi wa wankan jego suka riƙa janye gugansu in ta iso rijiya. Waɗanda suka ci hatsinta a shekarun yunwa su ne suka fi ɗaga murya, kuma sun san kansu.

Mai gari Abdussalamu ya kira ta. Bai dube ta ba, ƙasa yake tonawa da tsinke.

"Altine, ni ban ce komi ba. Amma gari ya ɗau zahi. Gonar ga aro ta, kin sani. In kina son ki riƙe ta, ki kawo wadda ta rubuta sunanki ga ƙwaron ta cire shi gaban mutane. In ba haka ba, bayan girbi ta koma gida."

"Gonar da ubanka ya ba mu ko wadda na yi da hannuna?"

"Juma'a ta sama," ya ce. "Bayan an sauko."

Ta hau kabu-kabu zuwa Kore Mairuwa, ba ta ko tsaya gidan ɗiyarta Fadila ba, ta shiga mota zuwa Dogon Dutsi. Ta tambayi majami'a, ta tambayi mai aikin katako, ta shimfiɗa zanenta a ƙofar shagon Pierre cikin ɓawon itace.

"Kai na uban Pascaline? Ɗiyarka ta ɗauki sunana ta liƙa ga ƙwaro, za a karɓe mini gona. Kira ta. Nan zan zamna sai ta zo."

Tsohon ya kawo mata ruwa, ya roƙe ta ta shiga cikin gida wajen matarsa. Ta ƙi. Kwana biyu tana zaune a ƙofar, masu zuwa karɓar kujeru suna tsallake ƙafarta. Rana ta uku Pascaline ta sauka daga motar Yamai da akwatunanta, ta durƙusa a gabanta idonta ya yi ja.

"Inna, wallahi girmamawa na yi nuhi."

"Girmamawarki ta kusa kashe ni. Tashi, ba kuka na zo saye ba. Ke kinka san bakin da za su ji."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru a ƙofar mai gari, maza a gaba, mata a bayan danga. Pascaline ta ɗaura zane, ta yafa gyale. Ta buɗe akwati biyu a kan tabarma, ta ce kowa ya matso. Ta miƙa wa liman madubin ƙara girma.

Kuma ta yi magana mai kyau, wannan ba a hana ta. Ta nuna musu goshin ɗan sammako mai faɗi, na tono. Ta nuna haƙora huɗu a ƙafarsa ta gaba, ta haƙa. Ta juya shi ta nuna bakinsa, ta ce laushi gare shi kamar leɓen jariri, ruwan kashi kawai yake tsotsa, ko an ɗaure shi a kan zangarniya yunwa za ta kashe shi. Sannan ta ɗauko mai cin hatsi ta nuna bakinsa mai yanka, da faratansa masu ƙugiya na maƙalewa a kara. Liman ya duba wannan, ya duba wancan, ya gyaɗa kai.

Altine ba ta tsaya ga matattu ba. Ta ajiye babbar ƙwarya a tsakiya, ta sa ɗanyen kashin saniya a gefe ɗaya, zangarniya mai bununi a ɗaya gefen. Ta kwance ƙullin tsumma ta zuba 'yan sammako biyar da ta kamo da safe. Duka biyar suka bi ta kan zangarniyar, suka sauka, suka nutse cikin kashin.

"Ga su nan," ta ce. "Wanda ya ga sun ci, shi hwaɗi."

A bayan danga wata mace ta ce, "Ai kuwa." Mai gari ya ɗago kai karo na farko. Altine ta ji numfashinta ya fara sauka.

Sai Mu'awiya ya miƙa hannu ya karɓi madubin daga liman. Shi ba wawa ba ne, ya yi ci-rani har bakin teku, ya san yadda ake tambayar ma'aikaci. Ya daɗe a kan akwatunan biyu.

"Madam, ina da tambaya. Wanga gashin da ke gaban kansu, na ga na wanga ƙarshenshi ganye ukku, kamar maficin sarki. Na wancan ma ganye ukku. Hwara ba ta da shi. Kyankyaso ba ya da shi. Su biyun ga kaɗai." Ya ajiye madubin. "Cikin littahinku, dangi na ko ba dangi ba?"

Pascaline ta dubi akwatunan biyu. Altine ta dube ta. Kowa ya dube ta.

"Akwai bambanci babba tsakanin..."

"Dangi na ko ba dangi ba?"

"Babban gidansu guda na," in ji Pascaline a hankali. "Amma gida na mai iri dubu talatin, kuma ɗakunansu..."

Ba wanda ya ji sauran. Majalisa ta ɗauka gaba ɗaya. Gida guda! Da bakinta ta faɗa! Wani ya ce in ka riƙe ƙane ai ka riƙe wa. Wani ya shure ƙwaryar, kashi ya fantsama a kan tabarma. Da kyar mai gari ya tsayar da su.

"Ɗiyata," ya ce wa Pascaline, "mu bar zancen dangi. Abu guda anka kira ki ki yi. Ke kinka sa sunan, cire shi. Ki sa mishi naki, ko na ubanki, ko na wanda kinka ga dama. Mu ji da kunnenmu, a rubuta, a manna inda anka manna na hwarko. Shi ke nan, ta riƙe gonarta."

Abu mai sauƙi. Altine ta riga ta fara tattara tsummanta.

"Ranka shi daɗe," in ji Pascaline, "takardar bango ina iya cire ta yau. Amma sunan ba ya ciruwa. Dokar aikin ke nan, duniya duka. In an raɗa suna an buga shi, ya zamna. Ko ni da na sa shi ba ni da ikon canza shi. Ko na rubuta wani, na hwarko za a bi."

"Har yaushe?"

"Har abada."

Mai gari ya juya wajen Altine, ya buɗe tafin hannunsa.

"To kin ji. Ko bayan mun mutu duka, naki na."

Ya ce shi bai kira ta mayya ba, kuma kada wanda ya taɓa ta. Ta girbe abin da ta shuka. Amma gari ba zai kwana lafiya ba muddin tana kan tudun, kuma aro aro ne. Bayan girbi gona ta koma gida. Gidan kuwa, da aka duba, Mu'awiya ne.

A bakin mota Pascaline ta riƙe hannunta tana kuka.

"Inna, ba ni iya yin ƙarya bisa aikina."

"Wa ya ce ki yi ƙarya?" Altine ta fizge hannunta. "Kin ƙidaya haƙoran ƙahwarshi. Kin auna ƙahonshi. Har wandonshi kin kwance kin duba. Shekara ukku kina tambayar ƙasashe ko sun san shi. Ni da ke zamne gindin gawo, baki guda ba ki buɗe kin ce, Inna, in ɗauki sunanki? Da na gaya miki garin da nike ciki. Ke ɗiyar Arewa ta, ba Baturiya ba. Kin san mu, mantawa kinka yi."

"Zan rubuto takarda. Da hatimi. Zan bayyana komi."

Ta rubuto, ba ta yi ƙarya ba. Shafi uku da hatimi biyu. Mai gari ya sa aka karanta masa, ya ce madalla, ya tura ta ƙarƙashin buzunsa.

Altine ta girbe hatsinta ita da Gambo da Fadila, don ba wanda ya zo gayya. Dami ɗari da goma sha wani abu. Da rani ya tsananta, waɗansu daga cikin masu janye guga suka riƙa aiko 'ya'yansu mata ta bayan gida da ƙwarya a ɓoye cikin zane. Ta auna musu. Ba ta fasa gaya wa kowace sunan uwarta da abin da uwar ta faɗa a rijiya ba.

Mu'awiya ya shiga gona da zafinsa. Abu na farko, ya hana Gambo sauka, ya ce ba a ƙara tara masa ƙazanta a ƙasa. Ya sa aka share busasshen kashin da ya rage, aka tara, aka cinna wuta. Buzuzun da duk ya gani ya murƙushe shi da dunduniya. Shekarar farko ya samu hatsi, don ƙasar tana da sauran abin da Altine ta zuba mata. Shekara ta biyu ya samu rabi. Ruwa ya fara gudu a kan tudun yana yanka kwari. Gambo, da ya rasa masauki, ya kora garkensa kudu ya tsallaka iyaka, bai dawo ba.

A shekara ta uku mai cin hatsi ya sake zuwa, daidai bununi, ya aske gari kaf, har da tudun. Lokacin Altine ba ta da ko kunya guda ta shuka a Angwal Kirya, tana Kore Mairuwa tana surfe a gidan suruki. Ba wanda ya ce, ashe ba ita ba ce. Ba wanda ya taka ya je. Mu'awiya ya sayar da amalankensa ya tafi ci-rani, ya bar mata biyu da jar ƙasa.

Bana, da ruwan farko ya sauka, mai gari ya aika mata da saƙo. Wai an yi shawara, in tana so ta dawo ta ci gaba da noman tudun, aro kamar da.

Ta zo. Ba ta biya ta gidansa ba, tudun ta wuce da sanyin safiya, da sandarta, don yanzu gwiwa ba ta ɗaukarta. Ta tsaya a gindin gawo ta kasa kunne. Babu ƙugi. Ta soka sandar a ƙasa, sandar ta dawo mata har kafaɗa. Ta zagaya iyaka zuwa iyaka tana neman rami guda mai girman yatsa, ba ta samu ba. Shekara ashirin da wani abu ta yi kafin wurin nan ya zama gona, da ƙarfinta, da shanun Gambo. Yanzu ta haura saba'in.

Daga nan ta gangara ƙofar mai gari. Majalisa na zaune. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan akwatin da Pascaline ta ba ta, ta ajiye a kan tabarma. Ɗan sammako na ciki a kan allurarsa, ƙaho ɗaya ya karye, 'yar takardar na ƙarƙashinsa.

"Abdussalamu, na je na gani. Gona kunka karɓa, fako kuke mayarwa. Ban ƙi ba, zan karɓa. Amma ba aro ba, a rubuta tawa ta. Kuma bisa wagga tabarma, gaban mutanen da sunka ji an ce mai cin hatsi nawa na, a tashi a ce an yi mini ƙarya. Ka hiddo takardar da ke ƙarƙashin buzunka a karanta da ƙarhi."

Mai gari ya ɗauki tsinke ya fara tona ƙasa.

"Altine, abin da ya wuce..."

"Bai wuce ba. Ga ni tsaye."

Ya ce za a duba. Ta ce Juma'a ta sama, bayan an sauko, kamar yadda ya yanka mata wancan karo. Ta ɗauki akwatinta.

Juma'a ta zo, ta zauna a ƙofar tun kafin a shiga masallaci. Aka sauko, mutane suka bi ta bayan gida ɗaya bayan ɗaya. Ta sake zuwa ta gaba, da wadda ke bin ta. Yau Juma'a bakwai ke nan. Lokacin shuka ya wuce, tudun na nan ja, ruwa na gudu a kansa. Altine na zaune a ƙofar mai gari da akwatin a cinyarta, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ta kira shi da sunansa da na ubansa, ta ce ya matso ya duba bakin ƙwaron nan ya gaya mata da me ya ci hatsi.